Fulawar Kuɗi A Ɗakin Haya: Aski, Ban Ruwa Da Abubuwan Kiyayewa

Duk wanda ya zauna a garuruwan bakin teku, Akra ko Lome ko Kwatano ko Duwala, ya san wannan shuka ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai ganye kamar zanen zuciya, kore mai ɗishi-ɗishin rawaya, wadda ake rataya ta a baranda ko a ɗora a saman kabad ta riƙa zubo da yaɗonta ƙasa. Za ka gan ta a banki, a ɗakin jiran likita, a shagon 'yan canji, yanzu kuma ga ta ta shigo ɗakunan iyalinmu a zango. Masu sayar da fulawa a Gana suna ce mata money plant, wato shukar kuɗi. In kuwa a ƙasashen Faransanci kake, ka ce pothos, za a miƙo maka. Mu a nan bari mu kira ta fulawar kuɗi, tunda sunan ya fi dacewa da bakin ɗan kasuwa.

Kukan da ake yi da ita kusan iri ɗaya ne ko'ina. An sayo ta a cike, ganye ya rufe tukunya. Bayan wata takwas ko shekara sai ta koma igiya biyu ko uku dogaye, ganye na can ƙarshen igiyar, gindin kuwa fayau kamar kan mai sanƙo. Uwargida ta ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Daga nan sai a ce hannun wance ba ya karɓar shuka, a zubar, a sake sayo wata. Alhali abin da ta rasa almakashi ne kawai. Sannan akwai wasu abubuwa guda biyu da suka fi kyan ganyen muhimmanci, waɗanda mai sayarwa ba ya faɗa: maganar sauro da maganar yara ƙanana. Za mu zo kansu.

Daga ina ta fito?

Asalin wannan shuka wani ɗan tsibiri ne mai suna Mo'orea, kusa da Tahiti, a tsakiyar tekun Fasifik, cikin yankin da ke ƙarƙashin Faransa. Masana tsirrai na Turai sun fara rubuta bayaninta a 1880 da sunan Pothos aureus, daga nan sunan pothos ya bi ta har kasuwa. An yi ta sauya mata suna, a 1964 ne aka fara ba ta wanda masana ke amfani da shi yau, Epipremnum aureum.

A dajin da ta fito ba ratayuwa take yi ba, hawa take yi. Takan fara daga ƙasa cikin inuwa, ta laluɓi gindin itace, ta manne da wasu gajerun saiwoyi da ke fitowa a jikinta, ta yi ta hawa har mita 20. Ganyenta a can sama yakan kusan kai mita guda, har ya riƙa tsagewa. Wadda ke ɗakinki jaririya ce da aka hana girma. Wannan shi ya sa in aka ba ta sanda ta hau, ganyen sai ya riƙa faɗi, in aka bar ta tana lilo kuma sai ya riƙa ƙanƙancewa.

Wani abin mamaki, da wuya ka taɓa ganin furenta. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa jikinta ba ya samar da isasshen wani sinadari mai suna jibarelin, wanda ke sa shuke-shuke fure, kuma da aka fesa mata shi sai ta yi. Tunda ba fure ba iri, duk wadda ka gani a kasuwa daga yankan wata aka samo ta. Ka ga ke nan wuƙa ba baƙuwarta ba ce. Da yanka ta zagaye duniya.

Danginta kuwa mun san su sarai: gida ɗaya suke da gwaza. A riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Me ke kawo sanƙon?

Ka ɗauki yaɗo ɗaya ka duba da kyau. Duk inda ganye ya fito akwai ɗan kumburi, shi ne gaɓa. A jikin gaɓar za ka ga wani ɗan tsiro ruwan ƙasa kamar ƙurji, wannan saiwa ce da ke jiran danshi. A hammatar ganyen kuma akwai ido mai barci, irin idon da ke jikin rake ko karan rogo. Duk sirrin shukar a gaɓar nan yake.

Kan yaɗon, wato can ƙarshe inda sabon ganye ke buɗewa, yana fitar da wani sinadari da ake kira oksin, wanda ke gangarowa ya hana idanun baya farkawa. Wasu masana biyu a Amurka, Thimann da Skoog, su suka tabbatar da haka a 1933. Manomanmu sun san aikin tun kafin a ba shi suna: wanda ya bar zogale ya yi ta miƙewa, sanda zai samu, wanda ya sare kansa kuwa rassa zai samu da ganyen miya.

To ga inda matsalar take. Tsohon ganye yana da ajali, zai yi rawaya ya faɗi, kuma gaɓar da ganyenta ya faɗi ba ta sake fitar da wani ganye a gurbin. Kai na ci gaba da tafiya, baya na tsiraicewa. In ɗakin ba haske sosai, sai tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ta ƙaru, domin shukar neman taga take yi. In an bar ta ta sha ƙishi sau da yawa, tsofaffin ganyen gindi take fara zubarwa. Haka sanƙo ke shiga sannu a hankali.

Yadda ake askin

Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, lokacin da iska ta yi laushi kuma shuka ke son toho. A Duwala, Abijan, Kwatano da sauran wuraren da danshi ba ya yankewa, kusan kowane wata ana iya yi. Amma mutanen Yamai, Maraɗi, Injamena, Garwa da Tamale su guji babban aski a tsakiyar hunturu ko a cikin zafin Afrilu. A lokutan nan a tsaya a cire busasshen ganye kawai.

Kayan aiki ba su da yawa: almakashi mai kaifi ko sabuwar reza, sifirit da auduga. A goge bakin almakashin kafin a fara, a kuma sake gogewa in za a koma wata tukunyar, don kada a kwashi cuta daga wannan a kai wa waccan. Almakashi mai dakushi murƙushe karan yake yi, wurin ya ruɓe. Kada a ja da hannu, kada a tsinka da farce.

Kafin ka yanka komai, sauko da tukunyar, ka warware yaɗon ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, ka ƙirga. Ka fara da cire ganyen da ya yi rawaya ko ya bushe, da duk karan da ya yi baƙi ko ya yi laushi. Sannan ka zaɓi yaɗon da ya fi tsawo ko ya fi tsiraici.

Inda za ka yanka: ka nemi gaɓa mai lafiyayyen ganye, ka yanka a gabanta ta ɓangaren kai, ka bar kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya, misalin faɗin farcen ƙaramin yatsa. Gaɓar da ganyenta su zauna a jikin uwar. In ka bar dogon kututture, bushewa zai yi ya ɓata kyan shukar. In ka matse gaɓar da yawa kuma, ka raunata idon da kake son ya farka. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ka ga toho ya leƙo daga hammatar ganyen.

Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a zama ɗaya. Ganye shi ne kicin ɗin shuka, in ka kwashe shi duka da me za ta yi sabon toho? In yaɗo shida ne, ka datse biyu yau, bayan wata guda ka dawo kan wasu biyun. Kuma kada ka jera su tsawo ɗaya kamar askin makaranta. Wani ka bar masa gaɓa uku, wani shida, wani ka rage masa kai kawai, ta haka tukunyar za ta cika daga sama har ƙasa.

In shukar ta riga ta zama igiya zalla, akwai hanya biyu. Ko dai ka datse igiyar ka bar gaɓa biyu ko uku daga ƙasa, ko kuma ka naɗe tsiraicin a kan ƙasar tukunya kamar gammo, ka danne gaɓoɓin da lanƙwasasshiyar waya, ka ɗan rufe da ƙasa. Kowace gaɓa da ta taɓa danshi za ta iya kafa saiwa, wasu su yi toho.

Masu irin mai farin zane sosai, kamar wadda ake kira Marble Queen, su lura: in wani yaɗo ya fara fitar da ganye kore zalla, a bi shi baya har zuwa ganye na ƙarshe mai zane, a yanka a nan, a kuma matsar da tukunyar kusa da haske. Koren ya fi ƙarfi, in aka bar shi zai mamaye tukunyar.

Bayan aski a rage ruwa kaɗan. Ganye ya ragu, shan ruwa ma ya ragu.

Ga wata gaskiya da ya kamata a sani tun yanzu, don kada a ce an yi aski ba a ga komai ba. Fulawar kuɗi ba kamar zogale ba ce da za a sare ta fito da rassa biyar. Yawanci toho ɗaya take bayarwa a inda aka yanka, wani lokaci biyu. Cikar da kake gani a wurin mai sayarwa, yanka takwas ko goma ya cusa a tukunya ɗaya. Saboda haka rabin aikin shi ne mayar da abin da ka yanke cikin tukunyar.

Ribar yankan

Wanda ya taɓa dasa dankalin Hausa ya gama sanin wannan aikin. Ka ɗauki yaɗon da ka yanke, ka gutsuttsura shi, kowane gutsure da gaɓa ɗaya ko biyu da ganye aƙalla ɗaya. A nan a bayan gaɓa ake yanka, a bar mata ɗan kara kamar santimita ɗaya ko biyu. Ganye da sandarsa kawai ba tare da gaɓa ba, ko wata nawa ya yi a ruwa ba zai zama shuka ba. Ka kuma lura da inda yake sama da inda yake ƙasa, kada ka dasa shi a kife.

Hanya ta farko, ka soka gutsuren kai tsaye cikin ƙasa mai danshi, gaɓa a binne, ganye a waje, ka ajiye a inuwa mai haske. Bayan mako uku ko huɗu ka ɗan ja shi a hankali, in ka ji ya riƙe to ya kama. A wurare masu bushewar iska ana iya kifa masa farar leda mai 'yan huji na kwanakin farko.

Hanya ta biyu ita ce ta kwalba. Gaɓa a cikin ruwa, ganye a sama. Cikin mako ɗaya zuwa uku farar saiwa za ta fito. In ta kai santimita uku zuwa biyar, kamar gaɓa biyu na yatsa, a mayar da ita ƙasa, a riƙa ba ta ruwa a kai a kai na mako biyun farko kafin ta saba. In aka bar ta ta daɗe a ruwa, saiwar takan wahala in an kai ta ƙasa.

Yaɗo ɗaya mai tsawon mita biyu zai iya ba ka yanka goma ko fiye. Ka mayar da biyar cikin uwar tukunya, sauran ka haɗa sabuwa. In akwai gaskiya a sunan shukar kuɗi, to a nan take, don uwargida mai haƙuri za ta iya tara tukwane ta sayar wa maƙwabta da masu shaguna. Batun cewa ajiye ta a ɗaki na jawo arziki, ko wai sai an sato ta take yin albarka, zance ne da ya biyo ta daga wasu ƙasashen Asiya. Ba ta taɓa biya wa kowa kuɗin haya ba.

Kwalbar ruwa da sauro

Nan ne nake son iyaye mata su tsaya da kyau. Mutane da yawa sun fi son barin ta a kwalba dindindin saboda ba datti. To akwai wani sauro baƙi mai farin zane a ƙafafu, sunansa Aedes aegypti, wanda ba ruwansa da kwata. Ruwa mai tsabta a cikin gida yake nema: randa, tsohuwar taya, faranti a ƙarƙashin tukunyar fulawa, da kwalba irin wannan. Da rana yake cizo, lokacin da ba wanda ke cikin gidan sauro. Shi ke yaɗa zazzaɓin dengi, da shawara, da cikungunya.

Abin ba nesa yake da mu ba. A 2023 dengi ya kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso, akasari a Wagadugu da Bobo. Abijan ta sha fama da shi, Gana ma ta ba da sanarwar ɓullarsa a 2024. Duk garuruwan da muke kai kaya muna sauke kaya ne.

Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana bakwai zuwa goma ne a yanayi irin namu. Macen tana manna ƙwanta a jikin kwalba daidai saman ruwa, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Don haka zubar da ruwa a sake wani bai wadatar ba. Duk kwana uku ko huɗu a fitar da shukar, a ɗauraye saiwar, a cuɗa cikin kwalbar da soso, sannan a zuba sabon ruwa. A zaɓi kwalba mai ƙaramin baki a toshe gefen da auduga ko soso. Farantin ƙarƙashin tukunya a zubar da ruwansa bayan rabin awa, ko a cika shi da yashi. Wanda ya san ba zai iya wannan hidimar ba, ya dasa a ƙasa ya huta. In za a yi tafiya kuwa, ko ta mako ɗaya ce, kada a bar kwalba ko ɗaya da ruwa a buɗe.

Yara, kyanwa da ragon layya

Na ce danginta ɗaya da gwaza. Wanda ya taɓa ɗanɗana ɗanyar gwaza ya san ƙaiƙayin da take sawa a maƙogwaro. Abin da ke kawo shi wasu ƙananan allurai ne na sinadarin kalsiyam okzalet da ido ba ya gani, kuma suna nan a ganye da karan fulawar kuɗi. Ita kuma ba abinci ba ce, kada wani ya ce zai dafa ya gwada. Yaron da ya tauna ganyen zai ji bakinsa na zafi, yawu na dalala, leɓe ko harshe na iya kumbura.

In hakan ta faru, a cire sauran ganyen daga bakinsa, a goge da tsumma mai tsabta, a kurkure, a ba shi ruwan sanyi ko madara ya kurɓa. Kada a sa shi amai, domin abin zai sake bin maƙogwaro. Yawanci zafin yakan lafa da kansa. Amma in harshe ya kumbura, ko ya kasa haɗiya, ko numfashi ya sauya, a nufi asibiti nan take, a tafi da ganyen a nuna. In ruwanta ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na kusan minti 15.

Yaɗon da ke lilo daidai hannun mai rarrafe gayyata ce, zai ja ya kai baki, wataƙila ma tukunyar ta biyo shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin aski. A gidan da ke da ƙananan yara, ƙarshen yaɗo ya tsaya sama da inda hannunsu ke kaiwa. Ranar aski a tattara gutsattsarin nan take, kada a zuba wa akuya ko ragon da aka ɗaure a tsakar gida, kyanwa ma tana wahala in ta tauna. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ya sa leda a hannu, kowa kuma ya wanke hannu kafin ya taɓa ido ko abinci.

Haske, ƙasa da ruwa: kowa da garinsa

Haske take so mai yawa amma ba rana tsaka ba. Kusa da taga mai labule marar kauri, ko baranda da ke samun hantsi kawai, ya yi. Ranar la'asar ta Sahel tana ƙona ganyen cikin yini ɗaya. Shagon da ke cikin lungun kasuwa, wanda sai da ƙwan lantarki ake gani, za ta rayu a ciki amma ba za ta yi kyau ba. Dabara ita ce tukunya biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, ana musanya su duk mako biyu.

Tukunya dole ta kasance da huji a ƙasa. Ƙasar kuma kada ta zama laka mai riƙe ruwa. Haɗin da nake amfani da shi: kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya ɓuntun shinkafa ko dakakken ɓawon kwakwa, da ɗan garin gawayi. Takin dabbobi sai wanda ya ruɓe sarai. In takin zamani ne irin 15-15-15, 'yan ƙwayoyi kaɗan a gefen tukunya sau ɗaya a wata biyu lokacin damina sun isa, kada su taɓa kara.

Ban ruwa ba shi da ranar da aka yanka masa. Ka soka yatsa har gaɓa ta biyu, in ka ji danshi ka bari, in ya bushe ka zuba har ya fito ta ƙasa. A Duwala cikin watan Agusta tukunyar roba za ta iya yin kwana goma ba ta nemi ruwa ba. A Yamai cikin Afrilu tukunyar ƙasa kan bushe a kwana biyu. Shi ya sa mutanen bakin teku tukunyar ƙasa ta fi musu, don tana numfashi, mutanen arewa kuma ta roba ko mai fenti ta fi riƙe musu danshi.

Ganyen da kansa yana ba da labari. In ya yi yaushi ƙasa a bushe, ƙishi ne, zai miƙe cikin 'yan awoyi bayan an ba shi ruwa. In ya yi yaushi ƙasa a jiƙe, ganye da yawa na rawaya, tukunya na wari, saiwa ce ta ruɓe: a zazzage, a yanke baƙaƙen saiwoyi, a sake ƙasa, a kuma ɗebi yanka daga lafiyayyen kai don ajiya. In bakin ganye ne ke bushewa, iskar hunturu ce, ko iskar esi da ke bugunta kai tsaye, ko gishirin ruwan burtsatse. Farin ɓawon da ke taruwa a saman ƙasa shi ne alamar gishirin. A tari ruwan sama a wanke ƙasar da shi sosai, a bar shi ya tsiyaye. Sanyi ƙasa da digiri 10 yana cutar da ita, don haka a dare mai tsananin hunturu a shigo da ita ciki.

Ƙurar hunturu a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma duk mako. Kada a shafa wa ganye man gyaɗa ko madara don ya yi sheƙi, ƙura yake kamawa. Lokacin gugar a leƙa hammatar ganye. In an ga wani farin abu kamar auduga, ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka. A dangwali sifirit da auduga a goge shi, sannan a fesa ruwan sabulu marar ƙarfi ko ruwan dakakkun 'ya'yan dogon yaro da yamma, a maimaita duk mako har sau uku, a kuma ware tukunyar daga sauran.

In tafiya ta kama

Mu mutanen hanya ne, yau Kumasi gobe Kano. Sa'ar da aka yi, wannan shuka tana da jimiri. In tafiyar mako biyu ce, a ba ta ruwa sosai, a janye ta daga taga zuwa wuri mai sanyi, a rufe saman ƙasar da ɓuntu. In ta fi haka, a cika jarka, a huda murfin, a zura igiyar auduga daga cikin ruwan zuwa cikin ƙasar tukunya, jarkar ta ɗan fi tukunyar tudu, a toshe gefen hujin saboda sauro. A gwada dabarar mako guda kafin ranar tafiya. In za a bar wa maƙwabci amana, a ce masa sau ɗaya a mako, domin mai kirki da yawa shi ke kashe ta da ruwa.

Sai batun tsaraba. Kai wa 'yan uwa yanka a gida abu ne mai daɗi, amma shuka mai rai ba kamar atamfa ba ce a kan iyaka. Ƙasashenmu suna da jami'an binciken tsirrai, kamar NAQS a Najeriya da PPRSD a Gana, kuma ƙa'ida ita ce a nemi izini da takardar lafiyar shuka. Dokar tana da dalili. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro, ɗan uwan wanda na ambata a sama, ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a jikin karan rogo, ya bazu ƙasashe da dama yana cinye gonaki. Sai da masanan cibiyar IITA, ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, suka kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro mai kashe shi, sannan aka samu sauƙi. Abin da ya fi sauƙi, ka saya a garin da za ka, tunda babu babban birnin da ba a sayar da ita.

A wurare masu ruwan sama da yawa kuma kada a watsar da yankan a bayan gida ko bakin rafi. A Siri Lanka da Hawai ta tsere daga gidaje ta shiga daji tana lulluɓe itatuwa. A shanya gutsattsarin su bushe ƙarau kafin a zubar.

Bangon mai gida

Mai zaman haya ya kiyayi barin ta ta hau bango. Saiwoyin nan na jikin gaɓa suna kama fenti da filasta, ranar da aka ɓamɓare su sai su taho da fentin su bar tabo a jere. Wanda ya biya hayar shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya ya san yadda ake lissafin gyara ranar tashi. In ana son ta zagaye taga, a ɗaura zare ta bi, a riƙa ɗaga ta daga jikin bango lokaci lokaci. In manyan ganye ake so, a kafa sanda a tukunya, a naɗe ta da buhun algarara ko zaren kwakwa, a ɗaure yaɗon a jiki, a riƙa jiƙa sandar. A shago kuma kada a rataye ta a saman yadi ko takardu, don bakin ganyenta yakan ɗigar da ruwa da asuba bayan an shayar da ita.

Za ka ji mai sayarwa na cewa tana tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali daga gwajin da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989, amma a cikin rufaffen akwati aka yi shi. Masana a jami'ar Drexel sun sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje a 2019, suka ce sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da iskar waje ke yi a gini. Saboda haka janareta da gawayi su zauna a waje, taga kuma a buɗe, ko da fulawa ta cika ɗakin.

Wanda tasa ta riga ta yi sanƙo, kada ya zubar. Ya jira ruwan farko, ya sami reza sabuwa, ya datse yaɗo biyu, ya mayar da yankan cikin tukunyar. Kafin kaka zai nemi wanda zai ba kyautar ragowar.